Man mota daga masara: fetur zai yi sauƙi ne, ko tuwo zai ƙara tsada?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kusan duk majalisar da ka zauna a Katsina sai an kawo wata dabara ta tsere ma gidan mai. An yi zancen gas na CNG, an yi na mota mai caji, sai kuma wannan da ke yawan dawowa musamman in masara ta faɗi a kasuwa manoma na kuka, wai Amurka da masara suke yin fetur, Brazil da rake, tau mu da Allah ya hore ma Dandume da Funtua da Bakori mi muke jira? Wasu kuma da sun ji sai su ce subhanallahi, mutane na kwana da yunwa za a ɗauki abinci a ɗura ma mota. Akwai ma masu cewa ai giya ce kawai, ba ruwan musulmi da ita.

Tau da gaske ne ana yin man mota da masara? In an kafa kamfanin a nan, wa zai ci riba, wa zai ji a jikinsa?

Mi ake samu daga masarar, kuma ya ake yi?

Farko dai ba fetur ake samu ba. Abin da ke fitowa sunan shi itanol, wani ruwa ne fari kal mai kama wuta, shi ne wanda ke cikin sanitaiza ɗin da muka yi ta shafawa lokacin korona, yana cikin turaruka da yawa da wasu magunguna. Gauraya shi ake da fetur. In ka ga an rubuta E10 ana nufin kashi 10 cikin 100 itanol ne sauran fetur, E85 kuma itanol ɗin ne ya fi yawa, shi wannan sai motar da aka ƙera musamman dan shi.

Ƙwayar masara mafi yawanta sitaci ne, kusan kashi 70 cikin 100. Sai a niƙe ta a dama da ruwa a dafa, a zuba wasu sinadarai da ake ce ma enzayim, aikinsu su farfasa sitacin ya koma suga. Matanmu sun san wannan aikin ko da ba su san sunan shi ba, mai kunun zaƙi da ke zuba tsiro a cikin gasara ta bari ya kwana da safe ta ji ya yi zaƙi ya tsinke, tau abin da ya faru kenan. Daga nan sai a zuba yis, irin dai na masu biredi, a bar shi kwana 2 zuwa 3 yana cin sugan yana fidda itanol da iskar kabon. Sai a dafa ruwan, da yake itanol na tafasa a digiri 78 ruwa kuma sai ya kai 100, shi yake fara tashi, a tare tururin a sanyaya shi. A nan ana samun mai ƙarfin kashi 95, sai a ƙara bi da shi ta wata matata ta tsotse sauran ruwan dan fetur ba ya shiri da ruwa. Kafin ya bar kamfani kuma sai an zuba mashi ɗan fetur yadda ba mai iya shan shi.

Ita masarar da ta shiga, a gurguje kashi uku take rabuwa, kashi ɗaya itanol, ɗaya iskar da ta tashi, ɗaya kuma dusa. Dusar nan ba ta banza ba ce, sitacin kawai aka cire, duk maiƙon da sinadarin gina jiki na nan, dan haka shanu da kaji na samun abinci mai kyau, kuma kamfanonin Amurka da kuɗin dusar nan suke cike wani babban giɓi.

Lissafin buhu ɗaya

A nan ne zancen ke fara canzawa, kuma ina mamakin yadda masu cewa a kafa kamfani ba su cika tsayawa su yi wannan lissafin ba.

A kamfani na zamani mai injina masu kyau, tan ɗaya na masara na ba da lita 400 ko sama da haka kaɗan. Wato buhu mai kilo 100 lita 40 kenan. Tau mu ɗauka buhu na naira dubu 40 a kasuwar Dandume, misali ne kawai kowa ya sa farashin da ya sani. Kun ga kuɗin masarar kaɗai ya kama naira 1,000 a kowace lita, ba a sa kuɗin mota zuwa kamfani ba, ba a sa wutar da za a dafa da gas ko dizal ba, ba ruwa ba ma'aikata, ba enzayim ɗin da sai an shigo da shi da dala, ba ruwan bashin banki. A cire abin da dusa za ta maido, eh zai rage, amma ba zai share sauran ba.

Sannan ga wani abin da ba a cika faɗi ba. Lita ɗaya ta itanol ba ta kai litar fetur tafiya, ƙarfinta wajen kashi biyu cikin uku ne. Tafiyar da lita 2 na fetur za su kai ka, sai ka ƙona kusan lita 3 na itanol zalla. Dan haka waccan naira 1,000 ɗin in ka auna ta da tafiya ta zama kusan 1,500. A E10 ba za ka ji bambancin sosai ba, wajen kashi 3 cikin 100 ne man zai rage jimawa, amma dai ragi ne ba ƙari ba.

In kuma aka samu shekara irin 2024 da hatsi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba har gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, tau sai dai kamfanin ya rufe ƙofa ya jira kaka.

Tau ya aka yi su can suka iya?

Brazil ba dan son muhalli ta fara ba, wuya ce ta sa. Bayan rikicin mai na 1973 da ƙasashen Larabawa suka rage fitarwa farashi ya ninka kusan sau huɗu, gwamnatin soja ta can ta fito da shirin Proálcool a 1975, ta ba masu rake bashi mai sauƙi, ta sa gidajen mai su sayar, kamfanonin mota kuma suka fara ƙera masu shan itanol zalla. Abin ma bai tafi sumul ba, wajen ƙarshen shekarun 1980 ɗanyen mai ya faɗi suga ya yi tsada, masu rake suka koma yin suga, waɗanda suka sayi mota mai itanol suka riƙa layi ba mai. Sai a 2003 da aka fito da mota mai shan duk wanda ka ba ta, fetur ko itanol ko haɗi, sannan mutane suka sake yarda. Har yau direban Brazil yana da lissafin shi a kai, in itanol bai wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin fetur ba sai ya sha shi, in ya wuce ya koma fetur. Fetur ɗin nasu ma na yau da kullum kashi 27 itanol ne tun 2015, a 2025 suka kai shi 30.

Abin da ya taimake su shi ne rake. Rake suga ne kai tsaye ba sai an wahalar da sitaci ba, kuma tukar da ta saura bayan an matse ita suke ƙonawa su dafa, har su samu wutar lantarki su sayar.

Amurka kuma doka ce ta riƙe abin. A 2005 suka yi dokar da ta tilasta ma kamfanonin mai gauraya man tsirrai, a 2007 suka ƙara adadin. Yanzu suna yin kusan lita biliyan 60 a shekara, jihar Iowa ce kan gaba, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar can take tafiya. Amma ku duba, suna girbe sama da tan miliyan 350 a shekara, hekta ɗaya na ba su wajen tan 11, mu nan in aka haɗa ƙasa duka hekta na ba da kamar tan 2. Kuma masarar tasu galibi ta dabbobi ce da masana'antu, ba ita ba ce tuwon dare na Ba'amurke. Rarar da ta yi masu yawa suke nema ma kasuwa, kuma manoman masara na da ƙuri'a mai nauyi shi ya sa ba ɗan siyasar da ke son taɓa dokar.

Ko zancen cewa yana rage gurɓata iska, su kansu ba su daidaita ba. Ma'aikatar noman Amurka ta ce ya fi fetur tsabta da wajen kashi 40 cikin 100, amma wani bincike da masanan jami'ar Wisconsin suka jagoranta a 2022 ya ce in aka lissafa sabbin filayen da aka sare da takin da aka zuba, bai fi fetur ba, ƙila ma ya fi shi ɓarna. Na rake dai kusan kowa ya yarda ya fi na masara.

Tanki ko tukunya

Hukumar da ke kula da harkar mai ta ce Najeriya na shan wajen lita miliyan 50 na fetur a rana tun bayan cire tallafi. In za a yi E10 ana buƙatar lita miliyan 5 na itanol kullum, a shekara ya haura lita biliyan 1.8. Raba da 400, sai ka ga ana neman masara tan miliyan 4 da rabi. Duk abin da ƙasar ke nomawa kuma wajen tan miliyan 12 ne, a ciki ake tuwo da koko, a ciki masu kaji ke neman tasu, ga kamfanonin abinci, ga wadda ke tsallaka iyaka. Wato sama da kashi ɗaya cikin uku za a kwashe dan a rage kashi 10 kacal na fetur.

Masu goyon baya na da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Manomin Bakori ko Ɗanja da ya sayi yuriya da kamfa da tsada ya biya 'yan ƙwadago, kaka ta yi farashi ya faɗi ƙasa warwas kamar yadda aka gani a 2025, shi abin da yake so babban mai saye wanda ba ya fashi. In akwai kamfani zai ƙara noma, zai nemi iri mai kyau irin su SAMMAZ na cibiyar bincike ta Samaru, matasa su samu aiki, masu kiwo su samu dusa. Har masarar da ta yi fumfuna mutum ba zai ci ba ana iya yin itanol da ita, sai dai gubar fumfunar ba ta mutuwa, a cikin dusa take taruwa ta ninka kusan sau uku, in aka ba shanun tatsa kuma tana iya biyowa ta nono.

Amma wane manomi ne zai amfana? Mai buhu ɗari biyu a sito, eh. Mafi yawan manomanmu kuwa abin da suka noma ba ya kai su shekara, da kaka su sayar dan biyan bashi da hidimar biki, kafin damina ta yi nisa sun dawo kasuwa suna awo da tiya. Irin wannan sunan shi manomi amma a lissafi mai saye ne, in masara ta tashi shi ma kuka zai yi. Kuma kada mutumin Daura ko Mai'aduwa ko Zango ya ce ai mu gero muke ci ba ruwanmu, hatsi jan juna yake, masara na tashi masu kaji za su koma dawa, dawa ta ja gero, ƙwai ma ya bi sahu.

An ga irin haka. A Janairun 2007 dubban mutane suka fito zanga-zanga a babban birnin Meziko kan tsadar wainar masarar da ita ce abincinsu na kullum, kuma yawan masarar da Amurka ta karkatar zuwa itanol na cikin abin da aka ɗora ma laifi, tare da masu ɓoye kaya. A shekarar ne Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin samun abinci, ya kira mayar da gonakin abinci na man mota laifi a kan bil'adama. Masana sun yi ta gardama kan kashi nawa ne laifin itanol a tsadar abincin 2007 da 2008, dan akwai fari da tsadar ɗanyen mai a ciki, amma galibinsu sun yarda hannun shi na ciki.

Ni dai a ganina, a jihar da 'yan bindiga suka hana noma gonaki da yawa a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, zancen rarar masara bai ma taso ba tukuna.

A bar ƙwayar, a yi da kara da totuwa mana

Wannan ita ce amsar da 'yan boko ke saurin kawowa, kuma a takarda tana da daɗi. Kara da totuwa da ɓuntun shinkafa da tukar rake duk akwai suga a jikinsu, sai dai a ɗaure yake cikin zaren da ke ba tsiro ƙarfin tsayuwa, kuma wani abu mai tauri ya lulluɓe zaren. Kafin yis ya samu abin ci sai an dafa karan da tururi mai matsi ko asid, a zuba enzayim masu tsada, sannan wani kason sugan da ke fitowa yis na gama-gari ba ya cin shi sai wanda aka sarrafa.

Amurka ta zuba kuɗi a nan ba kaɗan ba. Dokar 2007 ta sa burin galan biliyan 16 na irin wannan man kafin 2022, abin da aka samu na itanol ɗin kara ko kusa bai je ba. Kamfanin POET da DSM sun buɗe masana'anta a Emmetsburg cikin Iowa a 2014, zuwa 2019 sun dakatar. DuPont ta buɗe tata a 2015 ta rufe a 2017. Tattaro karan kaɗai aiki ne, ga girma ba nauyi, ga ƙasa da tsakuwa na lalata injina, ga gobara a wurin ajiya. Indiya ta buɗe wata a Panipat a 2022 mai amfani da karan shinkafa, amma su dalilinsu daban ne, manoman Punjab da Haryana ƙone karan suke yi hayaƙi ya turnuƙe Delhi.

Tau a nan fa? Wa ya gaya maku kara shara ne a ƙasar Katsina? Ku je ƙauyukan Daura ko Sandamu ko Baure bayan girbi ku gani, gona tas ake share ta. Kara shi ne danni, shi ne rufin rumfa, shi ne makamashin girki inda itace ya yi wuya, karmami da harawa kuma su ke riƙe da tumaki da shanun huɗa har ruwa ya sauka. Ɗaurin kara kuɗi ne, saye ake ana sayarwa, a watan Afrilu da Mayu ma har tsada yake. Totuwa na shiga murhu. Ɗan abin da ya saura a gona dabbobi su bi su ci su bar taki, kuma ƙasarmu ta arewa mai yashi in aka kwashe komai iska ce za ta ɗebe ta. Duk kamfanin da ya yi lissafin zai samu kara kyauta a nan, da makiyayi da matar gida zai yi takara, kuma rigimar da ke tsakanin manoma da makiyaya kan sauran gona ta ishe mu haka nan.

Mashin ɗina da janareta fa?

Motocin zamani masu injekta, irin tokunbo da ake kawowa daga Amurka, E10 suka sha tun suna can ba abin da zai same su. Itanol ma na ƙara ma fetur ƙarfin jure matsi a cikin inji, shi ya sa ya maye gurbin wasu sinadarai masu guba da ake zubawa da. Matsalar na ga ƙananan injina masu kafireta, mashin, janareta, injin ban ruwa na 'yan fadama. Itanol na jan danshi, in man ya daɗe a tanki ko jarka ruwa ya shiga sai ya rabu, itanol da ruwa su kwanta ƙasa inda inji ke zuƙa. Yana cin tsohon tiyo da robobi, yana kawo tsatsa. A ƙasar da man ƙauye da yawa a hannun 'yan bumburutu yake cikin galan da kwalba, kuma tankunan ƙasa na wasu gidajen mai ruwa na shiga da damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu tuna gurɓataccen man Fabrairun 2022 da aka shigo da shi daga Beljiyam ya kashe ma mutane motoci ya jawo dogon layi, wancan metanol ne ya yi yawa a ciki. Ɗan uwan itanol ne amma ba ɗaya ba ne, ya fi cin inji, kuma guba ne mai makantarwa. Abin da ya nuna dai shi ne in ba a awo da sa ido yadda ya kamata, duk abin da aka ce a gauraya kashi 10 wani zai zuba 25.

Giya ce ko ba giya ba ce?

Ba ɓoye-ɓoye, itanol shi ne sinadarin da ke sa maye a cikin giya, hanyar yin su ma kusan ɗaya ce. Bambancin wannan ba dan sha aka yi shi ba, kuma an lalata shi da fetur. Malamai sun daɗe da saɓani kan irin shi a mas'alar turare da magani, wasu na ganin najasa ne kamar giya, wasu na ganin wanda aka yi dan masana'anta hukuncin shi daban. Fatawa ta malamai ce. Amma duk mai shirin kafa irin wannan kamfani a jihar da ke da shari'a da Hisbah, gara ya fara zama da su kafin ya sa bulo, ya kuma nuna yadda zai tsare kayan kada su zurare ta bayan gida.

Ina Najeriya ta kwana?

Abin ba sabo ba ne. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man tsirrai da burin E10, aka ɗora ma NNPC, daga baya aka sa hannu kan yarjejeniyoyi da jihohi irin su Kebbi da Binuwai da Ondo, da rake da rogo za a yi. Har yau dai ba gidan man da za ka shiga a Katsina ka ce a ba ka E10. Itanol ɗin da wasu kamfanoni ke yi da rogo a kudu na tafiya ne wajen masu magani da turare da kayan sha, shi ma bai isa ba ana shigo da ƙari. Yanzu kuma da matatar Dangote ta fara fidda fetur tun Satumbar 2024, hujjar nan ta a rage shigo da mai ta rage ƙarfi.

In har za a yi, ba masara ya kamata a kalla ba. Rogo mun fi kowace ƙasa noman shi, wajen tan miliyan 60, Tailan ma da shi take yi, sai dai yana lalacewa kwana 2 zuwa 3 da tonowa kuma garin kwaki zai ji a jikinsa. Rake shi ne mafi dacewa, musamman baƙin ruwan da ke saura bayan an fidda suga, dan shi ba a bakin kowa aka ƙwace shi ba, amma ƙasar da sama da kashi 90 na sugan shayinta daga waje ake kawo ɗanyen shi, sai masana'antun Numan da Sunti da Lafiagi sun tsaya da ƙafarsu tukuna. Raken Ɗanja na sha ne da mazarƙwaila, kuma rake na shan ruwa sosai, dam ɗin Zobe da Jibiya da Sabke in za a yi noman rani da su alkama da tumatir da shinkafa ne a gaba.

Wanda ya fi kama da namu shi ne takanɗa. Dawa ce, tana jure fari, tana yi a ƙasar da masara ba ta yi, ka cire zangarniya ka ci, ka matse karan ka samu ruwa mai suga, tukar kuma dabbobi su ci. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai suna ICRISAT, wadda ke da ofis a Kano, ta gwada haka da manoma a Indiya. Inda suka ci karo da matsala shi ne ruwan takanɗa ba ya jira, daga yanka zuwa matsa in ya wuce kwana ɗaya ko biyu sugan ya fara raguwa, kuma girbinta na 'yan makonni ne, sauran watannin injina na zaune ana biyan ma'aikata. Dabarar da suka gwada ita ce a kafa ƙananan wuraren matsa a ƙauyuka a dafa ruwan ya yi kauri yadda zai ajiyu, sannan a riƙa kai ma kamfani a hankali, aikin da masu mazarƙwailar kudancin Katsina sun riga sun iya rabin shi.